Mutumin da Hannu Dubu Suka Ɗauka

Dalyop Gyang mutumin Jos ne, dogo siriri mai giɓi a gefen baki. Direban bas ne a filin jirgin sama na JFK a New York, irin bas ɗin nan da ke kwaso ma'aikata daga wurin ajiye motoci ta kai su bakin aiki. Gidansu yana unguwar Jamaica ta yankin Queens, shi da matarsa Keziya mai aikin jinya. Idan ka tambayi mutanenmu na wajen me suka sani game da shi, labari ɗaya za su ba ka, domin ya ba su shi har sun haddace. Ba a suna, ba a biki, ba a cin shinkafar Kirsimeti a tashi, Dalyop bai ba da labarin ranar da aka ɗauke shi a sama ba.

Tun yana ɗan makaranta a Jos kiɗan jita ya shiga jininsa. A lokacin akwai samari masu tara suma da wando buje da ke zuwa daga kudu suna kiɗan rok a otel-otel, shi kuwa yakan haura katanga ya leƙa, ya koma gida ya sha bulala. Babansa, dattijon ikilisiya, ya ce wannan ba kiɗa ba ne, faɗan maguna ne a kan kwano. Bulalar ba ta yi magani ba.

Ya sauka New York a 1987 da akwati ɗaya da baki cike da gaisuwa. Ya gai da na cikin lifta, ya gai da na layin banki, ya gai da ɗan sanda har da tambayar iyali. Wasu su kalle shi kamar ya taɓu, wasu su ƙara damƙe jakarsu, amma a lokacin akan samu mai amsawa. Tsofaffin unguwa masu zama a matakalar ƙofar gida sukan ɗaga masa hannu. Shi dai abin da ya taso da shi ke nan, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Shekara na zagayowa, cikin zafin Agusta, ya yanki tikiti ya tafi wani babban fili a hayin kogi inda ake wasan rok tun hantsi. Bai san kowa ba, bai kuma ga mai irin fatarsa ba sai ɗaiɗai. Ya kutsa har tsakiya. Rana ta take, lasifikoki suna buga ƙirji kamar ana daka a ciki, shi kuma bai karya ba don ɗoki. Can ya ji jiri, idonsa ya yi duhu, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa.

Bai kai ƙasa ba. A nan ne muryarsa kan canza idan yana ba da labarin. Ya farfaɗo ya ga sararin sama yana tafiya, ya ji tafukan hannu a bayansa, a ƙeyarsa, a cinyoyinsa. Ashe haka suke yi wa wanda ya suma: a ɗaga shi bisa kawuna, wannan ya miƙa wa wancan, har a kai shi gaba wurin masu ba da taimako. Wata ƙatuwar mata mai zanen tawada a fatar damtse ta kwara masa ruwa a ka. Wani mai jan gemu ya tuɓe rigarsa ya ba shi, don tasa ta yage. Yana zaune yana haki da takalmi ƙafa ɗaya, sai ga ɗayan takalmin ya biyo shi, shi ma hannu-hannu, ta bisa kawunan mutane.

“Takalmi fa!” in ji Dalyop, kullum a daidai nan yakan buga cinya. “Mutum dubu, ba wanda ya san sunana, amma ko takalmina ba su bari ya ɓata ba. Wannan gari yana da zuciya.”

Rigar tana nan a ƙasan akwati, Keziya ta gaji da cewa a yi tsumma da ita.

To, amma gari yakan koya wa mutum halinsa a hankali. A 1990 wani saurayi ya tare shi da rana tsaka a bakin tashar jirgin ƙasa, ya tambaye shi lokaci cikin ladabi. Dalyop ya tsaya, har da murmushi, ya ɗaga hannu ya duba agogo. Agogon ya tafi, haƙori ɗaya ya bi shi, asalin giɓin ke nan. Mutane suka riƙa ratse shi yana durƙushe yana tofar da jini. Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya gudu. Daga ranar Dalyop ya fara koyon fuskar New York: ido a gaba, baki a rufe, tafiya kamar ana jiranka. Tsofaffin matakala suka mutu ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka maye gurbinsu suka sa ƙarfe a tagogi. Matasa suka toshe kunnuwa da wayoyin jin kaset. Ko wasan rok ɗin ma, da ya koma sau biyu, ya tarar an jera kujeru masu lamba, kowa ya kama tasa.

Ya ƙware har ya zama malami. Duk baƙon da ya sauka daga gida sai an kawo shi wurin Dalyop ya karanta masa dokoki: kar ka kalli kowa a ido, kar ka amsa wa wanda ba ka sani ba, kar ka nuna wa kowa takardar da ke aljihunka. In ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi taka ka ɗaura. Yana gama wannan karatu kuma sai ya kawo labarin hannu dubu, yana girgiza kai yana cewa mutanen yanzu sun lalace. Bai taɓa jin cewa maganganun biyu suna karo da juna ba.

Babban amininsa shi ne Moro, mutumin zangon Kumasi, mai lodin kaya a jirage. Shekara bakwai Moro yana zama a kujerar bayan direba suna hira. Da matar Moro ta kusa haihuwa a 1996, ya ɗauko mahaifiyarsa Hajiya Zalia daga Ghana, ya kuma karanta mata dokokin Dalyop kaf, ba ragi. Dalyop bai samu zuwa gai da ita ba, yana ta cewa sai ranar suna.

Wata Laraba a watan Oktoba yana hutu, wani mai shagon kaset a titin Jamaica Avenue ya bugo masa waya. Ya samo masa abin da ya shekara takwas yana nema: bidiyon wancan wasa na hayin kogi. Dalyop ya zura jaket ya fita kamar zai tashi sama. Ana yayyafi, wajen ƙarfe biyu na rana.

A kusurwar titi, jikin wata fitilar hanya, ya wuce wata tsohuwa da atamfa da mayafi, ba rigar sanyi, ba laima. Tana kallon fuskar duk mai wucewa tana magana a hankali. Ya riga ya ɗaura fuskarsa ta gari, ya kusa wucewa, sai ya ji ta ce, “Sannu, bawan Allah.”

“Yauwa, sannu Mama.”

Bakinsa ne ya amsa, bai yi shawara da shi ba. Tsohuwar ta yi wani irin numfashi, ta miƙo hannu biyu. Ta ce ta fito sayayya da maƙwabciya, cunkoso ya raba su, ba ta san gabas ba ta san yamma. Tana magana tana ƙoƙarin kwance wani ƙulli a bakin mayafinta, ƙullin ya jiƙe ya ƙi kwantuwa.

Ba abin da zai ce don ya wanke kansa, kuma ko shi bai taɓa gwadawa ba. Ba aiki zai je ba. Ba tsoronta ya ji ba. Ya dai hango wahala: neman wayar titi, jiran mutane, wataƙila rakiya har can unguwar Bronx. Ga kaset yana jira taku ɗari biyu kacal.

“Tsaya nan, Mama, kar ki motsa. Yanzu zan dawo.”

Mai shago ya saka kaset ɗin don gwaji, Dalyop ya ce bari ya ga minti biyar. Ya tsaya jikin kanta awa ɗaya da rabi, hancinsa kusan a kan gilashin talabijin, yana neman kansa. Can wajen tsakiya kyamara ta haska taron, aka ga ana miƙa wani abu ta bisa kawuna na ɗan ƙiftawar ido. Ƙafa ce da safa, ko tasa ce ko ta wani, Allah masani. Ya sa aka mayar baya sau shida. Da ya fito ruwa ya tsuge sosai. Ya tuna da tsohuwar sarai. Ya ce a ransa ai zuwa yanzu ’yan uwanta sun same ta, amma bai bi ta kusurwar ya tabbatar ba. Ya zagaya ta wani titi ya tafi gida.

Ranar Juma'a Moro ya shigo bas ido jajur, ya faɗa kujerarsa. Ya fara magana da Hausarsa ta zango, wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji.

“Mma, tsohuwana, ya ɓace shekaranjiya. Awa uku yana tsaye cikin ruwa a Jamaica Avenue. Lambar wayana yana ɗaure a mayafinshi, amma ya ƙi nuna ma kowa, kamar yadda ka koya mana. Mutum biyu sun so su taimaka, ya ƙi binsu. Ka san dalili? Wai wani ɗan uwanmu mai jin Hausa ya ce ya tsaya, zai dawo. Sai wani mace ’yar Koriya mai sayar da lemu ya ja shi da ƙarfi cikin shago, ya kwance ƙullin ya kira ni. Yanzu tari ya kama ƙirjinshi.” Ya yi ƙwafa. “Wallahi Dalyop, Bature ya wuce shi ban damu ba. Amma namu? Ya amsa gaisuwa, ya tafi? Wane irin uwa ya haifi wannan?”

Dalyop ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Ya ji bakinsa yana cewa, “Duniya ta lalace.” Wannan kalma ta fi komai ci masa rai daga baya. Kwana biyu yana ture abinci. Keziya ta tambaya, ya ce ciwon kai ne. Ya yi tunanin ƙirƙiro aiki ranar suna, amma amini ba ya ƙin sunan ɗan amininsa, kuma ya lallashi kansa cewa tsohuwa ce, ga ruwa, ga hula a kansa, da wuya ta shaida shi.

Ranar Lahadi falon Moro ya cika da mutane da ƙamshin wake da shinkafa. Hajiya Zalia tana kan kujera a lungu, lulluɓe da bargo, jaririn a cinyarta. Dalyop ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gabanta, kansa a ƙasa.

“Sannu, Mma. Barka da arziki.”

Ta leƙo fuskarsa. Sai ta kama hannunsa da tafinta mai zafin zazzaɓi, ta yi ƙasa da murya yadda shi kaɗai zai ji.

“Ɗana, kai ne? Ka yi haƙuri. Na jira ka, wallahi na jira. Mai lemun ne ya fi ƙarfina. Tun ranar ina damuwa, na ce yaron nan zai dawo cikin ruwa bai gan ni ba, ya ce na raina shi.”

Da zagi ta yi, da ya fi masa sauƙi. Kunya ta rufe shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa, ya ji da ƙasa za ta tsage da ya gode mata.

Moro ya iso da faranti, ya dafa kafaɗarsa. “Yauwa! Mma, ga Dalyop da nake faɗa maka. Dalyop, don Allah ba shi labarin Turawan da suka ɗauke ka. Tun ranar yana cewa zai koma Kumasi, wai garin ba mutane. Ba shi ya ji.”

Masu haddar labarin suka soma murmushi tun kafin a fara. Dalyop ya ba da shi a durƙushe, cikin jimla huɗu ko biyar, ba buga cinya. Ko takalmin bai ambata ba, sai da wani ya tuna masa.

Hajiya Zalia ta saurara tana jijjiga jaririn. Ta yi tari, ta goge baki da bakin mayafin nan, inda alamar ƙullin take har yanzu.

“Su waɗanda suka ɗauke ka, sun san ka?”

“A'a, Mma.”

“Suna jin yarenka?”

“Ba sa ji.”

“Allah sarki,” in ji ta. “Allah ya yi musu albarka.”

Ta mayar da idonta kan jikanta. Ta rufa masa asiri, kuma ya san in ya tashi yanzu ya karɓi farantinsa, maganar ta mutu har abada. Hannun Moro yana kan kafaɗarsa har lokacin, da ɗumi da nauyi. Dalyop ya sa nasa hannun ya sauke shi a hankali, ya ɗago ya kalli amininsa a ido, abin da ya shekara shida yana hana mutane yi.

“Moro,” ya ce, “ka tambaye ni wace uwa ta haifi mutumin nan. Sunanta Garos, tana Jos, kuma ba haka ta koya mini ba.”