Jinin Madam Roza

Wata safiya a Disambar 1974, shekarar da Babbar Sallah ta zo kafaɗa da kafaɗa da Kirsimeti, na tsaya a ƙofar ɗakinmu a unguwar Ammariyya ta Jidda ina kallon Umma tana saka abaya. Shekarata goma sha ɗaya, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta wuce bakin lungunmu ba. Ita da Baba sun zo Hajji tun kafin a haife ni, suka zauna babu iƙama, wato takardar izinin zama. Ƙanena Sani yana kwance a asibiti, amosanin jini ya tasar masa, likita ya ce sai ɗan'uwa ya zo ya ba da jini. Umma ta taka har bakin lungu, ta hango motar 'yan jawazat, masu kama marasa takarda. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta juyo, ta zauna a kan turmi da abayar a jikinta, ta jawo jaririyarmu ta ba ta nono. Haushi ya cika ni har wuya, don a ganina uwa ba ta juyowa. Ita kuwa ta san in aka kama ta, jirgin ruwa za a saka ta, ta bar mu mu uku a ƙasar da ba ta san da zamanmu ba.

Lungun nan shi ne duniyar Umma gaba ɗaya. Ɗakunan kwano ne da katakon akwatunan tashar jirgin ruwa, in rana ta take sai ka rantse a cikin tanda kake. Da asuba nakan bi layin famfo da garwa, in dawo in tarar ta hura gawayi tana soya gyaɗa a cikin yashi, ni in rairaye, in ɓare, in ƙulla a takarda. Mu yara mu ne ƙafafun iyayenmu: mu ne kasuwa, mu ne aike, mu ne masu kawo labarin gari, tun da ba wanda ke tambayar yarinya mai faranti takarda. Da yamma mukan yi 'yar carafke da ƙwallon dabino, amma ido na bakin titi, in an ce "sun zo" kafin ƙiftawa lungu ya zama kufai, har kaji sukan yi tsit. Umma takan ce, "Ku da aka haifa a nan, ku fita ku gano mini Jidda."

A makon nan mazan lungu duk sun tafi Makka da Mina neman aikin Hajji, har da Baba, ba kuma hanyar aika masa. Wanda ya rage da takarda shi ne Kaka Bashir, Bahaushen Sudan mai gyaran risho, shi ya saɓa Sani ya kai asibiti a matsayin jikansa. Ya naɗe hannun riga ya miƙa dantse, ma'aikaciyar ta dube shi ta ce, "Ya Hajj, kai ma a ƙara maka ya kamata." Ni kuma aka ce na yi ƙanƙanta. Sauran 'yan lungu kowa da uzurinsa, wani tsoron ƙofar asibiti, wani ya ji an ce mai ba da jini ba ya sake yin ƙarfi. Ban ga laifinsu yanzu ba, amma a ranar na tsine musu a zuciyata ɗaya bayan ɗaya.

Duk da haka sai da na ɗauki faranti na tafi kasuwar Ƙofar Makka, don ciki bai san ana jinya ba. Kasuwar ta cika maƙil. Ga raguna ana ja, ga masu wasa wuƙa, ga kuma kukun Turawa da matan ma'aikatan kamfanoni suna neman zabibi da man shanu da talotalo. Ba mai ambaton sunan bikinsu. Sai mutum ya sunkuya ya yi wa mai kanti raɗa, shi kuma ya waiga hagu da dama, ya zaro ƙananan fitilu masu launi daga ƙarƙashin tebur, naɗe a jarida kamar kayan sata. A cikinsu akwai Madam Roza, 'yar Indiya, Kirista, matar wani akawun kamfanin jiragen ruwa, wadda ke sayen ɗanyar gyaɗa a wurina tana yin alewa. Gajeruwa ce mai faɗan tsiya, ba ta taɓa sayen komai ba tare da ta kushe shi ba. Ranar ta ɗebi gyaɗar za ta fara halinta, sai ta ga fuskata. Da guntun Larabcinta ta tambaye ni wa ya mutu. Na ce ba a mutu ba tukuna, na gaya mata komai, har juyowar Umma. Ta ɗauki kwandonta ta ce, "Yalla, wuce gaba."

A asibiti aka gwada jininta ya dace. Tana kwance kwalba na cika, ita kuwa mitar da take yi ita ce man shanunta na narkewa a kwando, kuma in kek ɗinta ya lalace ni zan biya. Ko da ta tashi sai da ta leƙa Sani, ta gyara masa matashi, ta yi wa Kaka Bashir faɗan barin yaro ba hula. Kafin Sallah idon Sani ya washe, har ya nemi shayi.

Da na kai wa Umma labari ta yi kuka, sannan ta aika a kira Kaka Bashir. Abin da ke damunta ba addinin matar ba ne. Ta san macen da ta shayar da ɗan wata ta zama uwarsa, to jini fa? Kaka Bashir ya ce malamai sun ce jini ba nono ba ne, ba ya ƙulla zumunta. Umma ta ce, "To, malamai sun faɗi nasu. Amma ni da na haife shi na juyo, ita ta je. Halas, magana ta ƙare, uwarsa ce." Daga ranar ba wanda ya isa ya ce Madam a gabanta, sai Inna Roza.

Kashegarin Sallah ta soya naman da maƙwabta suka aiko mana, ta zaɓi tsoka zalla, ta ɗora mini in kai Bagdadiyya, unguwar su Inna Roza. Na zaci zan tarar da gida a buɗe ana kiɗa. Sai na tarar tagogi a rufe ruf da rana tsaka, an toshe ƙasan ƙofa da tawul, sai da na faɗi sunana aka buɗe. A lungun falo ga wata 'yar bishiya da aka haɗa da waya da koriyar takarda, mutane kaɗan a tsaye suna waƙa ƙasa-ƙasa kamar masu tsoron tada jariri. Na san irin wannan shirun, da shi na girma. Inna Roza ta ɗanɗana naman ta ce gishiri ya yi yawa, ta cinye, ta cika mini kwanon da kek. Ta ce in gaya wa Umma za ta zo gaisuwa. Mijinta ya hana, ya ce shiga lungun takari marasa takarda zai iya jawo masa magana a wurin aiki. Umma ba ta iya fita, ita ba ta iya shigowa, ni na zama bakinsu da ƙafarsu, har aikin mijin ya ƙare suka koma ƙasarsu.

Yanzu an rushe lungun, Sani ya yi furfura, jini kuma saƙo ɗaya ake turawa a waya matasa su yi layi. Ni ina da takardata a jaka, ina zuwa inda na ga dama. Wani lokaci nakan sa a bi da ni daga Ammariyya zuwa Bagdadiyya, in ga kafin shayi ya huce mun isa. Umma ta rasu tana sa Inna Roza a addu'a cikin jerin danginta, tana tambayata ko doguwa ce, ko tana da wushirya. Uwa biyu ga yaro ɗaya, a gari ɗaya, ba su taɓa ganin fuskar juna ba.