Shafukan Da Na Ɗinke

Shekaru sun ja, amma ranar da na gano an farke mini ɗinki ba ta fita daga raina ba, kuma ba na jin za ta taɓa fita.

Lokacin muna zaune a ƙasar waje, a unguwar Arras, cikin Treichville, ni da 'yata, ita kaɗai Allah Ya ba ni. Mahaifinta direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa Nijar, sai mu yi wata biyu ba mu sa shi a ido ba. Yarinyar tana da ciwon sikila. In ta yi sati ɗaya a makaranta, sai ta yi biyu a kwance, har na gaji na cire ta na ce ni zan koyar da ita. Na ɗan yi boko a Maradi kafin aure, ga keken ɗinkina a ɗaki, sai na haɗa biyun: ƙafata a kan keke, kunnena wajen karatunta. Da safe yaran gidan su watse makaranta, manya su tafi kasuwa, a bar mu mu biyu. Dangina duk suna gida, kuma ni ba mai shiga mutane ba ce. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai a shekarun nan.

Duk wata nakan shiga bas in haye gada zuwa Adjamé, wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa. Da ta kai shekara goma sha uku sai ta fara ture mini su, wai na jarirai ne. Na koma sayo na manya, na Faransanci, amma sai na fara karantawa. Duk inda na ga bai dace da ita ba, sai in haɗa shafukan in yi musu ɗinki uku da farin zare a gefe. In ta tambaya in ce, "Sai kin girma." A lokacin ji nake babu uwa mai dabara irina.

Wata rana da la'asar ana ruwa, ba mai kawo ɗinki, na hau kakkaɓe littattafan. Na ɗauki wani na labarin yarinyar da ke jinya a asibiti, wanda na ɗinke ƙarshensa kaf. Zaren fari ne, ɗinkin uku ne, amma ya karkata ta hagu. Tela ba ya kasa gane ɗinkin hannunsa, kuma 'yata bahaguwa ce. Na jawo na biyu, na jawo na uku, duk haka.

Ni akwai saurin fushi, ba zan ɓoye ba. Tana kwance a tabarma da tawul mai ɗumi a gwiwa, na tsaya a kanta da littafin.

"Wa ya ba ki izinin taɓa wannan?"

"Maman, ai na mayar yadda yake."

"Tun yaushe kike yi?"

"Tun bara."

"Kin san abin da ke ciki kuwa?"

"Yarinyar ta mutu," in ji ta. "Tun kafin in buɗe na sani. Irinsa kike ɗinkewa kullum."

Na buɗe baki zan ƙaryata, sai na tuna. Ni ina cewa daga maganganun soyayya nake kare ta, alhali mafi yawan abin da allurata ta bi, wuraren mutuwa ne.

Ta ce, "Wadda gadonta ke kusa da nawa a lopital, kin ce an sallame ta. Na ga mamanta ta zo ita kaɗai ta kwashe kwanoni."

"Me ya hana ki tambaye ni?"

"In na fara, sai ki tashi ki hau keke."

Gaskiya ta faɗa. Ƙarar keken nan nake sawa tsakanina da duk tambayar da nake tsoro. Na zauna a gefen tabarmar. Na ce to don me take wahalar da kanta da sake ɗinkewa.

"Don kar ki san na sani. Ke ma ba ki da kowa a nan."

Shekara guda ke nan yarinya mai wannan ciwo tana karanta mutuwa ita kaɗai, in na fita kasuwa sayen zare, ta share hawayenta, ta zura allura, don ta rufa mini asiri. Ɗaki ɗaya muke, amma kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa tsoro iri ɗaya.

Na miƙa mata ƙaramin almakashina. Ita ta yanke zaren, ta karanta shafukan da ƙarfi, ni kuwa ban je kusa da keke ba. Da ta kai ƙarshe ta tambaye ni ko ita ma haka za ta yi. Na ce ban sani ba, Allah ne masani, amma duk yadda ta kasance ina gefenta. Ranar na fara yin kuka a gabanta.

Tana nan da ranta, alhamdu lillahi, har yau ciwon na tashi yana kwanciya. Idan uwa ta tambaye ni shekara nawa yaro zai kai kafin a ba shi littafin manya, nakan ce ta daina ƙirga shekaru, ta duba abin da ya riga ya gani da idonsa, sannan ta zauna kusa da shi in zai karanta. Tawa ta daɗe da isa karanta shafukan nan. Ni ce ban isa ba.