Gudumar Kyaftin Wendell

Loreta 'yar bakin ruwa ce gaba da baya, amma ta haura sittin ba ta taɓa kwana a kan ruwa ba. A Crisfield aka haife ta, gidan masu kamun ƙaguwa. Ubanta mutum ne mai camfi: ba a shigar masa da shuɗin abu cikin jirgi, ba a kuma shigar masa da mace, ko da 'yar cikinsa ce. Yayyenta maza su bi shi da asuba, ita kuwa a bar ta a rumfa da wuƙa tana ɓare ƙaguwa har yatsunta su tsattsage. Garinsu ta san shi lungu da saƙo, amma ta ƙasa. Yadda yake idan an hango shi daga ruwa ne ba ta sani ba, kuma tun tana yarinya abin ya tsaya mata a rai.

Ta auri Wendell, mutumin tudu da ya zo cin ƙaguwa ya tafi da mai ɓarewa. Suka zauna a Baltimore. Shi yana masana'antar gwangwani, gaban injin da ke dukan ƙarfe tun safe har yamma. Ita tana kicin ɗin wata firamare, tana zuba wa 'ya'yan mutane dankali da wake. Suka yi 'ya'ya mata biyu, suka girma, suka yi nisa. Duk tsawon wannan zama alkawari ɗaya Wendell yake maimaita mata: in sun ajiye aiki za su sayi ɗan jirgin ruwa na hannu, irin mai filafili da iska ke turawa, mai gado da ɗan murhu a ciki. Ba teku za su shiga ba, su wa? Gaɓa za su riƙa bi a hankali, yau su kwana a wannan rafi gobe a wancan, har ranar da za ta ga hasumiyar cocin garinsu ta ɓullo daga ruwa.

Suka ajiye aikin kuwa. Abin da suka tara bai taka kara ya karya ba, amma ya isa tsohon jirgi, don a gaɓar ruwan yankinsu, wato Chesapeake, tsofaffin jirage sun fi masu saye yawa. To, abu na farko da bawan Allahn nan ya saya shi ne guduma.

'Yar ƙarama ce mai kan roba, gefe ɗaya kuma na ƙarfe. Wani tsoho ne a bakin ruwa ya koya masa cewa daɓen irin waɗannan jirage fata biyu ce ta roba mai tauri, da katako marar nauyi a tsakani. In ruwa ya sami ƙofa ta ramin kusa, sai katakon ya ruɓe a ɓoye, sama kuwa fes kamar sabo. Ido ba ya gani, sai kunne. Ka ƙwanƙwasa: in ya ce ƙwas, lafiya, in ya ce bus, ka kama gabanka. Wendell ya riƙe wannan karatu hannu bibbiyu, don shi mutum ne da ya tsani a cuce shi fiye da yadda ya tsani yunwa.

Tun daga nan Asabar ɗin Loreta ta zama ta guduma. Ta dafa kofi, ta naɗe burodi da nama, su shiga mota su nufi filayen da ake ajiye jirage a kan ƙafafun ƙarfe. Wendell ya jingina tsani, ya hau, ya rarrafa daga hancin jirgi zuwa wutsiya yana bugu. Sannan ya sauko yana girgiza kai.

"Ruɓaɓɓe ne."

"Ni kuwa na ji kamar yana ƙara da kyau," ta ce da shi a farkon lamarin.

"Ke da kika saba da ƙarar tukwane? Araha ba ta ado, Loreta. Bari mu ga na gaba."

In mai jirgi ya rantse cewa kayansa garau yake, Wendell ya ce mai sayarwa ai ba ya kushe kayansa. Tun tana musu har ta daina. Ta ce a ranta ƙila akwai abin da yake ji wanda kunnenta bai kai ba. Haka aka shekara goma da ɗoriya, har masu filayen suka laƙaba masa Kyaftin, kyaftin ɗin da ba shi da ko kwale-kwale.

Akwai wani shuɗin jirgi da suka gani a shekara ta biyu, wanda har yau ba ta manta da shi ba. Wata gwauruwa ce ke sayarwa, ta ɗinka wa tagogin labule da hannunta. Loreta ta zauna a kan gadon ciki, ta ji ya yi mata daidai, har ta yi dariya ita kaɗai da ta tuna abin da ubanta zai ce: mace, a cikin shuɗin jirgi! Tana zaune tana jin gudumar a saman kanta, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Wendell ya leƙo ya ce ta taso, wannan ma ya sha ruwa. Ba a yi mako ba wasu suka saye shi.

Yanzu kam ta gaji, gajiya irin wadda barci ba ya kawar da ita. Ta gaji da warin tsohuwar katifa da man inji, ta gaji da kofi mai sanyi, ta gaji da talabijin da Wendell ke ƙure wa murya a gida kamar don ya ɓata mata rai, da yadda take magana yana ce mata "haka ne, haka ne" ba tare da ya ɗago ba. Ga ƙugunta na hagu ya fara ba ta kashi. Likita ya ce da kaka za a yi mata aiki, kuma bai ɓoye mata ba, bayan nan hawa da sauka a jirgi sai dai in an yi sa'a. Bazara ɗaya ta rage mata, ta faɗa wa Wendell haka, ya ce haka ne.

Wata Asabar a watan Maris suka je filin ajiye jirage na wani Otis Bozman. Iska mai sanyi na kaɗa tamfol ɗin da aka lulluɓe jiragen da shi. Otis, ƙaton mutum mai jan wuya, ya fito daga ɗan ofishinsa yana goge hannu.

"A'a, Kyaftin Wendell! Yau wane mai tsautsayin za a yanke wa hukunci?"

"Haka ne, haka ne," in ji Wendell yana murmushi.

"Mis Loreta, ke dai Allah ya ba ki lada. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse."

"Na dafa, Otis. Romon ne ya huce ban sha ba."

Otis ya ƙyalƙyale da dariya, ya nuna musu wani fari a can kusa da shinge. Bai da kyan gani. Fentinsa ya koɗe, tsuntsaye sun yi masa ado iya son ransu. Mai shi ya koma wajen 'yarsa a Ohio, ya ce a sayar ko nawa ne. Inji na tashi, filafilin da sauransa, kuma ba ya buƙatar ruwa mai zurfi, zai shiga ƙananan rafuka.

Ta daɗe da daina hawa tsani, a mota take jira. Ran nan dai ta ce sai ta hau. Ta kama ƙarfen mai sanyi, ta ɗaga ƙafar dama, ta jawo ta hagu tana cije leɓe. Da ta kai sama sai da ta zauna ta huta kafin ta iya duba komai.

Wendell ya riga ya durƙusa ya fara aikinsa, ya ba ta baya. Tana kallonsa, ta ga yadda ƙeyarsa ta yi fari fat, wandon ya yi masa yawa. Ƙwas, ƙwas. Yana bugu yana matsawa, idonsa na can gaba wajen wani tsagin fenti. Sai hannunsa ya kauce, gudumar ta sauka a kan ƙugiyar tagulla da ake ɗaure igiya, da gefenta na ƙarfe. Ƙal! Har wani tsuntsu ya tashi daga shinge.

Wendell ya girgiza kai, bai ko duba hannunsa ba.

"Kin ji ko? Nan ma ya sha ruwa."

Loreta ta dubi tagullar, ta dubi ƙeyar mijinta. Sanyin da ta ji ba na iska ba ne.

"Wendell," ta ce, da muryarta ta kullum.

Ya ci gaba da bugu.

"Wendell, na gaji. Wallahi na gaji."

Ko gezau. Ta ɗaga murya irin yadda take kiran yara layi a ɗakin cin abinci, har Otis ya ɗago kai daga ƙasa. Sai a lokacin Wendell ya ɗan waiwayo, kamar wanda ƙuda ya taɓa.

Ta ja jiki ta zo gabansa, ta zauna inda zai ga bakinta.

"Tagulla ka buga."

Ya dubi ƙugiyar, ya dubi gudumar. Kunnuwansa suka yi ja.

"Tun yaushe?" ta ce.

Ya daɗe yana juya gudumar a hannu. "Injin nan ne," ya ce. "Tun kafin in bar aiki nake jin kamar an toshe min da auduga. Na ɗauka in na huta zai buɗe."

"To da kake bugawa, me kake ji?"

"Bus. Duk bus nake ji, Loreta. Da farko na yarda ruɓar ce. Daga baya na fara zargin kunnen, amma ta yaya zan ce a saya alhali ban ji ba? In ya nutse da ke fa?"

Ta so ta yi masa ihu. Ta so ta fizge gudumar ta wurga ta bayan shinge, shi ma ta bi shi da ita. Shekara goma ta burodi da kofi, don namiji ya ƙi buɗe baki ya ce ba ya ji! Amma haushin bai sami inda zai tsaya ba, don ita ma ai tana da kunne duk tsawon lokacin, ta naɗe shi ta ajiye. Sai kawai ta ji tausayinsa da nata sun haɗu sun yi mata nauyi.

"Shuɗin nan," ya ce a hankali, bai kalle ta ba. Sai ya tuna dole ya kalle ta in yana son amsa, ya ɗago. "Mai labule. Yaya ya yi ƙara?"

Ta ga ƙarya a kusa, mai sauƙi, wadda za ta bar shi ya yi barci. Ba ta da ƙarfin ɗaukarta.

"Garau yake," ta ce. "Daga hanci har wutsiya."

Ya gyaɗa kai. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce iskar nan ba ta da kirki. Sannan ya miƙo mata gudumar ta wajen ƙotar.

Ba ta taɓa riƙe ta ba. Ta ji ba ta da nauyin komai. Ta durƙusa a kan gwiwar dama, ta miƙe ƙafar hagu gefe, ta fara. Wendell na rarrafe kusa da ita, idonsa a kan fuskarta. Ƙwas, ta gyaɗa kai. Ƙwas, ta gyaɗa. Suka bi gefen dama, suka zago ta hagu, tsofaffi biyu a kan gwiwoyi, Otis na ƙasa yana kallonsu. Suka iso tsakiya, gindin dogon sandan da ke ɗaukar filafili.

Bus.

Ta sake bugawa. Bus. Ta matsa taki ɗaya, bus, ta ƙara, ƙwas. Ta zagaye wurin har ta gane iyakarsa, bai wuce faɗin faranti ba. Ta rufe ido. Wato bayan duk masu lafiyar da suka bari a baya, yau da gaskiya ta fito, a kan mai ciwo ta fito.

"Mene ne?" in ji Wendell. "Faɗa min."

"Akwai ruɓa a nan."

Kafaɗunsa suka sauka. Ya dafa daɓe zai miƙe. "To, shi ke nan. Bari mu ga na..."

Ta riƙe masa hannun riga. Ta leƙa ƙasa. "Otis! Ruɓa kamar faranti a gindin sanda. Yana gyaruwa?"

Otis ya sosa wuya. "Yana gyaruwa, Mis Loreta. A yanke fatar, a ƙwaƙule, a sa sabon katako. Aiki ne mai ƙaiƙayi, kuma tabon ba zai ɓoyu ba. In Kyaftin zai yi da hannunsa, ya gama kafin ƙaguwar bazara ta yi ƙiba."

"Zai kai Crisfield?"

"In ba ku yi wa iska taurin kai ba."

Ta juyo ta kama fuskar Wendell da hannu biyu, yatsunta masu tsofaffin tabon wuƙa a kan kumatunsa, ta yi magana a hankali yadda ba zai rasa ko kalma ɗaya ba.

"Babu na gaba. Wannan ne."

"Loreta, mai ciwo ne fa."

"Na ji da kunnena. Mu ɗin masu lafiya ne?"

Bai ce haka ne ba. Ya daɗe yana kallon bakinta, sannan ya ɗora tafin hannunsa a kan wurin da ya ruɓe, yana shafawa yana auna inda zai fara yanka.

Saukowa ta fi hawa wuya. Wendell ya riga ta, ya tsaya a ƙasa ya riƙe tsanin, tana sauko da ƙafar hagu yana tarbarta. Da ta taka ƙasa ya miƙo hannu a ba shi gudumarsa. Ta dube shi, ta buɗe jakarta, ta jefa ta ciki kusa da burodin da ba su ci ba, ta ja zif.