Kuroiwa Fumie da Bazawarar da Aka So a Mayar Yarinya

Kowace safiya, tun kafin masu shagunan tsofaffin littattafai na unguwar Jimbocho a birnin Tokyo su ɗaga ƙofofinsu, Kuroiwa Fumie ta riga ta sauko daga jirgin ƙasa, jaka a kafaɗa, dunƙulen shinkafa a aljihun rigar sanyi. Takan wuce babbar ƙofar kamfanin ɗab'in da take yi wa aiki, mai gilashi da furanni, ta zaga ta lungu, ta shiga ƙaramar ƙofar da masu kawo kaya ke bi, ta gangara ƙasa. Can kusa da ɗakin ajiye takarda aka cusa sashen littattafan zane na manya, irin waɗanda ake naɗewa a leda a manna musu alamar hana yara. Fiye da shekara talatin ta yi tana gangara matakalar nan.

Edita ce. Ba ta zane, ba a kuma buga sunanta a bango. Aikinta shi ne mai zane ta kawo mata labari tun yana ɗanye, ta sa tabarau, ta bi shi shafi bayan shafi, sannan ta ɗago ta yi tambayar da duk wadda ta taɓa aiki da ita ta haddace: "Sensei," wato malama, "wace ce wannan matar? Da rana me take yi? Wa ya ɓata mata rai yau?" In mai zanen ta ce ai labarin shimfiɗa ne, wa zai damu da wannan, sai Fumie ta tura mata takardun. "Je ki gano min. In ke ba ki san ta ba, don me namijin zai so ta?"

Abin takaici, wannan sashe da aka binne a ƙasa shi ya riƙa ɗauke da benayen da ke samansa. Da cinikinsa aka buga ƙamus, aka buga littattafan yara masu launi, aka shimfiɗa kafet a ofishin shugabanni. Amma a liyafar sabuwar shekara sai a yabi kowane sashe da sunansa, in an zo kansu mai jawabi ya yi gyaran murya ya ce "da sauran abokan aiki". Sun iya cin moriyar, ba su iya faɗar sunan ba. Wannan ba kunya ba ce, munafunci ne, kuma har yau ba wanda ya nemi afuwarta.

Masu karatunta mata ne, kuma ba daga bayan tebur ta san su ba. Ta zauna da su a wurin gyaran gashi, ta tsaya kusa da su a kantunan littattafai, ta ji hirar ma'aikatan jinya a bakin asibiti. Ba ta taɓa yi musu ƙarya ba, ba ta kuma mayar da su waliyyai ba. Ta san da yawa suna son namijin nan mai girman kai, mai kuɗi, mai ɗaure fuska. Wasu kuma sun fi son mai sanyin hali da ke wanke kwanuka ba a sa shi ba. Akwai masu mutuwar son abokin ƙuruciya da ya daɗe yana ɓoye abin da ke ransa. Duk ba ta raina ko ɗaya ba. Abin da ta nace a kai shi ne, mai girman kan nan dole ya zo wurin da zai sunkuyar da kai, matar kuma dole ta kasance mai bakin cewa e, mai bakin cewa a'a. Takan ce mace za ta yafe maka mummunan zane, amma ba za ta yafe maka namijin da ya fita daga labari yadda ya shigo ba.

Ke ce kika ɗauki mutanen da ake yi wa kallon banza da muhimmanci, Kuroiwa-san. Ke ce kika ƙi yarda cewa don mace ta sayi littafi a ɓoye, to ba ta da hankali.

Gwajinta ya zo ne lokacin da aka kawo musu sabon shugaba, Sawatari Noboru, daga wani kamfanin tallar waya. A lokacin akwai wata mai zane, Ebisawa Michiru, da ke fitar da labarin Kanae: bazawara da ta haura hamsin, direbar bas, wadda mijinta ya rasu, ta daɗe ba ta tuna cewa ita mace ce ba, sai ga wani mai sana'ar awara a unguwarsu ya fara jiran bas ɗinta ko da ba shi da wurin zuwa. Labarin yana tafiya a hankali, yadda irin wannan abu ke tafiya tsakanin mutanen da suka sha duniya.

Sawatari ya kira su biyun ofishinsa. Michiru ce ta ba da labarin abin da ya faru, domin Fumie ba ta taɓa buɗe baki a kai ba.

Ya juya musu allon kwamfutarsa. "Ku duba inda mutane ke daina karantawa. Babi uku ana soya awara! Wa ya biya kuɗinsa don ya kalli awara? Sensei, ki cire mata furfurar nan, ki rage mata jiki, ki ƙara girman ido. Ki sa mata kaya irin na 'yan makaranta. A rubuce ki ce ta girma, shi ke nan, doka ba ta kama mu ba."

Michiru ta sunkuyar da kai. Fumie ta cire tabarau ta ajiye.

"Sawatari-san, in kana son a gaggauta labarin, mu zauna mu yi magana, wataƙila kana da gaskiya a wani wurin. Amma fuskar yarinya ba za ta shiga shafin shimfiɗa ba muddin ina wurin nan."

"Zane ne fa, baba. Tawada ce a kan takarda."

"Ni ba babarka ba ce. In tawada ce kawai, me ya sa kake son a canza ta?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Kin san wanda ke sa hannu a takardar aikinki?"

"Na sani. Kai ma ka san wanda ke karanta abin da muke bugawa? Uwayen 'yan makarantar nan ne."

Kafin mako ya zagayo an sauke ta daga shugabancin mujallar da sashen nasu ke bugawa, an mayar da ita duba kuskuren rubutu. An dakatar da labarin Kanae a tsakiya, ba ko bayani ga masu bin sa. Manyan da ke sama, waɗanda suka san ta tun suna sababbin ɗauka, sun ji, sun yi shiru. Wasu har suka riƙa kauce mata a hanya kamar mai cutar da ake ɗauka.

Michiru ta karaya. Tana jinyar mahaifiyarta, ba ta da wata hanyar samu, har ta fara gwada zana Kanae yadda aka ce. Wata ranar Lahadi da rana sai ga Fumie a ƙofar gidanta a Nerima, da ledar lemo a hannu. Ta ga sabon zanen a kan tebur, ta daɗe tana kallonsa.

"Wannan 'yar wa ce?"

Michiru ta fashe da kuka. "Kuroiwa-san, ya zan yi? Ke ko ba komai kina da albashi."

"Gaskiyarki. Ba zan ce miki ki zauna da yunwa ba. Na yi magana da wata mujallar girki, suna neman mai zana musu, za su kira ki. Ki ci abinci da wannan. Amma Kanae, ki bar min ita da tumbinta da ciwon gwiwarta. Ki ƙarasa ta, mu buga da kanmu."

Haka aka yi. Da bazara ta zo, suka kama ɗan tebur a babban baje kolin masu buga nasu da kansu, can bakin teku, cikin zafin da ke sa mutum ya ga jiri. Fumie ta ɗauki hutu ta tsaya bayan teburin tana miƙa littafi. Ba a yi turereniya ba, amma layin bai yanke ba har la'asar. Wata mata mai faɗin kafaɗa ta ce daga Niigata ta taso, ita ma bas take tuƙawa. Ta riƙe littafin da hannu biyu ta ce, "Tun ina budurwa nake karanta irin waɗannan, ban taɓa ganin an zana mace irina wani yana rawar jiki a kanta ba."

Wadda ke bayanta ta leƙo. "Ni fa mai awarar nan ne ya ishe ni. Namiji sai ba da haƙuri kamar ma'aikacin banki! A ɗan sa masa zafi mana, Sensei."

Direbar ta juya. "Zafi? Je ki auri mai zafin, ki dawo ki ba mu labari."

"Ai na aura, shi ya sa nake karanta littafi!"

Layi ya kwashe da dariya. Michiru ta ce da ta waiga, sai ta ga Fumie ta juya baya tana goge tabarau, abin da ba ta taɓa ganin ya ɗauke ta lokaci haka ba.

Kada mai karatu ya zaci gaskiya ta yi nasara nan take. Kamfanin bai nemi Kanae ba. Abin da Sawatari ya so, ya sami masu zana masa, ya kuma sayar, har aka ƙara masa girma aka hau da shi bene. Fumie kuwa a teburin duba kuskuren rubutu ta ƙarasa shekarunta. A watan jiya da ta yi ritaya, ba taro, ba jawabi. Wani daga ofishin ma'aikata ne ya tare ta a baranda ya miƙa mata furanni, yana duba agogo. Mace ta ba ku ƙuruciyarta da idanunta, ku sallame ta a tsaye kamar mai kawo saƙo! Da ba don masu zanen da ta rena sun haɗu sun kai ta cin taliya ba, da haka za ta koma gida ita kaɗai.

Amma a tambayi waɗannan masu zanen. Da yawansu yanzu suna wasu kamfanoni, wasu suna koyarwa, kuma kowacce in an ce ta zana fuskar yarinya a inda bai dace ba, takan ce editarta ta farko ta hana ta. Uwar masu zane, abin da kika shuka ba a cikin ginin nan ya tsiro ba.

Yanzu ranakun Laraba takan je wani gidan kula da tsofaffi a Machida. Akwai wata tsohuwa a can, Hatsue, da ta kusa casa'in, idanunta sun mutu, ta kuwa kasance mai karanta mujallar tun fitowarta ta farko. Fumie kan zauna gefen gadonta ta karanta mata, tana kwatanta abin da ke cikin kowane zane. Wata ma'aikaciyar gidan ta ce ranar nan tana wucewa ta ji muryar tsohuwar ta tashi: "Kin tsallake shafi! Ni makauniya ce, ba yarinya ba. Koma baya!" Fumie ta koma baya, ta rage murya, ta karanta.

Mun gode, Kuroiwa-san. Mun gode da a'ar da kika ce a ranar da e ta fi sauƙi, da kuma rashin raina kowace mace saboda abin da zuciyarta ke so. Ku kuma editocin da ke tasowa, da ku masu zane, allon kwamfuta zai nuna muku inda mai karatu ta tsaya, ba zai gaya muku dalili ba. Ku tashi ku je inda take, ku tambaye ta, ku saurara ko da amsar ba ta yi muku daɗi ba. In kuma aka zo muku da abin da kuka san ba daidai ba ne, ku ƙi, ko da za a sauke ku. An sauke wata kafin ku, ga ta nan tana tafiya da kanta a sama.