Yaya Madina da Taswirar da Ba Ta Ƙarasa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga Fabrairun 2025, Allah Ya karɓi ran Hajiya Madina Mansur, shugabata a aikin sa ido kan annoba a nan Daura. Sanƙarau ne ajalinta, cutar da ita Hajiyar ta daɗe tana tare wa mutane.

Yaya Madina, aikinki zana taswira ne: ina yara suka fi yawa, ina ba a yi rigakafi ba, ina asibiti ya yi nisa. Da ita ake raba allura da magani. Ƙauyen da bai hau taswirar ba, motar rigakafi ba ta san da shi ba.

Ban manta fitarmu ta farko ba, wani ƙauye a hanyar Kongolam. Na tambayi wata mata yaranta nawa, ta ce uku, na rubuta ina ji da kaina. Kika ja ni gefe kika ce, "Zulfa, ke in an tambaye ki, kina ƙirgawa da ɗan farinki?" Na sunkuyar da kai, don nawa ko sunansa ba na faɗa, kuma tun yaye yana hannun Innata. Kika ce, "To haka kowace uwa. Je ki tambayi kakanni." Daga ranar sai mun zauna da tsohuwar gida, mun sha furarta, ta lissafo jikokin da ke ɗakinta. Da haka allura ta kai ga yara da yawa da kunya ta ɓoye.

Kina da faɗa, ba zan rufe ba. In muka yi ganganci har direba sai ya samu rabonsa. Amma ke kika goya 'yata Ummi wuni guda a Mai'adua ranar da zazzaɓi ya kayar da ni, kika kuma yi aikina.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Fitarki ta ƙarshe ƙauyukan gabashin Baure kika zaga, ɓangaren da ba mu zana ba tukuna. Kin dawo da ciwon kai, kika ce rana ce. Kafin mu ankara wuya ya sanƙare, magana ta ɗauke. Likita ya ce a can kika ɗauko. A wane ƙauye? Ɗakin wace tsohuwa? Ba ki samu faɗa ba. Ga zafi ya kunno kai, yara na kwana a cushe, kuma a can Innata take da yaron nan da ke hannunta tun yaye. Na kira ta, ta ce lafiya lau, amma Inna ko a kwance take haka za ta ce. Wallahi tsoro nake ji, Yaya. Gobe za mu fita neman wurin, ba mu san ta inda za mu fara ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya sa kowane yaro da kika gano ya zama haske a kabarinki. Ina yi wa maigidanki Malam Kalilu da 'ya'yanki Musaddiq da Yasmin ta'aziyya, Allah Ya ba su haƙuri. Ya Allah, ƙauyen da ta ɗauko cutar nan Kai kaɗai Ka san shi. Ka kai mu can kafin a fara haƙa ƙananan kaburbura. Amin.