Daudawar da ke cikin tulun Inna

Malaman tarihi sun ƙarar da tawada kan abin da ke riƙe dauloli. Ni dai na san abin da ya riƙe gidanmu na Dakoro: curin daudawar batso ne, baƙi ƙirin, mai warin da ke sa baƙo ya gajarta gaisuwa. Inna takan marmasa shi a ruwan zafi, ta zuba tonka da gishiri da gabu, ta kaɗa kuka da maburgi. Ko babu nama, sai Baba ya suɗe kwano.

Da Inna ta rasu, Baba ya daina cin abinci. Lokotoro ya duba shi, bai ga ciwo ba. Shayi kawai yake sha, riga tana ƙara masa girma. Ni babbar ƴarsa, da na tashi daga lekwal inda nake koyarwa, sai in biyo in yi masa tuwo. Miyar maji, miyar nama, duk ya taɓa ya ture.

Wata rana ina share ɗakin Inna na tarar da ƙaramin tulu, rabinsa daudawa. Na yi miyar kuka da ita. Baba ya kai loma guda, ya ƙara wata, sannan ya cinye.

"Hannun uwarki ne wanga," in ji shi.

Daga nan rayuwarsa ta koma cikin tulun. Kullum yakan leƙa ya ga abin da ya rage. Na riƙa raba curi biyu, sannan huɗu, har miyar ta zama labarin daudawa kawai. Na gwada yin tawa: na dafa gurguzu, wato ƴaƴan yakuwa, na daka, na rufe ya kwana. Abin da ya fito ko akuyar gidan ba ta kula shi ba.

Ran da tulun ya ƙare, Baba da kansa ya kife shi. Na tafi wurin Gwaggo, ƙanwarsa, ina hawaye, na roƙe ta ta koya mini yadda Inna ke yi.

"Yadda take yin mi?" Gwaggo ta ce. "Ke, duk karatunki ba ki da ido? Tun da kafaɗarta ta hana ta daka, saye take wurin wata tsohuwa mai zuwa daga Bader Goula. Ubanki ne kaɗai bai sani ba. To, da ke."

Ran kasuwa na nemo tsohuwar, tana zaune bayan masu gishiri. Ta yi mini ta'aziyya, ta cika mini leda. Na dawo da sauri kamar mai ɗauke da magani, na kaɗa miya yadda na saba, na ajiye gaban Baba. Ya kai loma baki, ya tauna a hankali, ya jawo buta ya wanke hannu.

"Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Amma ba ita ba ce."

Ban faɗa masa inda na samo ta ba. Na ɗauke kwanon, na hura masa gawayin shayi.

Sau ɗaya tsohuwar ke yin daudawa a shekara, bayan kaka. Wadda ta ba ni da wadda ke cikin tulun, daga tukunya guda suka fito.