Kyautar Maganin Kifi Daga Masu Zubo Mana Guba

Jiya ina bakin tafkin kifin mahaifina a Challawa, sai ga wakilin wani kamfanin jimar fata da buhunan gari, har da mai hoto. Wai kyauta ce, mu riƙa haɗawa a abincin tarwaɗa don ya rage gubar ƙarfe a jikinsu.

Gubar nan fa daga kwatarsu take kwararowa cikin ruwanmu.

Wakilin ya ce, "Baba, ku ɗan yi murmushi, za a ɗauka."

Baba ya ce, "Kifi dai kun ba shi magani. Jikokina da ke shan ruwan nan fa, me zan zuba musu a tuwo?"

Har yanzu zuciyata tafasa take. Ku faɗa min, wanda ya ƙi toshe kwatarsa, godiya yake jira?